Kyautar Gida Tsakanin Uba da Ɗa: Abin da Baki Bai Isar Ba



Mu malamai, yawancinmu gida ɗaya muke mallaka a duk tsawon aiki, shi ma sai da adashi da bashin ƙungiya da kuɗin sallama. Idan girma ya zo, sai mutum ya kira ɗansa ko 'yarsa ya ce na ba ka, ya ɗauka magana ta ƙare. Mun sha zama a gidajen makoki inda wannan kalma ta zama abin jayayya tun ba a yi sadakar bakwai ba.

A mazhabar Malikiyya da kotunan shari'armu ke bi, kyauta ba ta cika sai wanda aka bai wa ya karɓi abin a hannunsa. Idan uba ya ce ya bayar amma ya ci gaba da karɓar kuɗin haya har ya rasu, gidan ya koma gado. Haka nan kyautar da aka yi a ciwon ajali hukuncin wasiyya take ɗauka, magaji kuwa ba a yi masa wasiyya sai da yardar sauran magada. Kada kuma mu manta da labarin Nu'umanu ɗan Bashiru, wanda Manzon Allah (SAW) ya ƙi zama shaida a kan kyautar da mahaifinsa ya keɓance shi da ita.

Sai bangaren hukuma. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sanya filaye a hannun gwamna bisa amana, kuma sashe na 22 ya hana mai takardar shaidar mallaka ya miƙa ta ga wani, ko ya jinginar da ita, ba da amincewar gwamna ba. Ɗan cikinka ma wani ne a idon wannan doka. A 1989, a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, Kotun Ƙoli ta soke jinginar da aka yi babu wannan amincewa. Tun daga nan bankuna suka daina wasa da ita.

Inda iyaye suka fi yin tsaki shi ne harajin hatimi. Sukan ce, ai ko sisi ba mu karɓa ba, harajin me? Amsar ita ce ba kuɗin ciniki ake dubawa ba, darajar gidan ake ƙiyastawa a yanka harajin a kanta, sannan ga kuɗin rajista a ofishin filaye, irin su KANGIS a Kano da KADGIS a Kaduna. Da nauyi, ba mu musa ba, musamman ga mai jiran fansho. Amma takardar da ba ta da hatimi, kotu na iya ajiye ta gefe har sai an biya harajin da tarar jinkiri.

Ga inda abin ya shafi 'ya'yanmu da suka kama aiki. Wanda ake cire wa kashi 2.5 na albashi zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa, bayan wata 6 yana zubi zai iya neman lamuni, kuma banki zai nemi ganin takarda mai inganci kafin ya karɓi gida jingina. Yaron da gidan ke hannunsa amma takarda na ɗauke da sunan mahaifinsa, musamman in mahaifin ya rasu, sai ya tarar ƙofa a rufe. Idan kuwa mu iyayen ne ake bin mu bashi a kan gidan, takardar tana ajiye a banki, kyautar ba za ta yiwu ba sai mun biya ko bankin ya yarda a rubuce.

Saboda haka wanda ya yi niyya, ya tara 'ya'yansa duka ya sanar da su, lauya ya rubuta takardar kyauta a gaban shaidu, a miƙa makulli, a sanar da 'yan haya sabon mai gida, sannan a nufi ofishin filaye tun uban yana iya sa hannu da kansa.