A Faɗa Mana Tun Kafin Ruwa Ya Zo

Shugaban ƙungiya, malamai, dattawa da sauran 'yan'uwa mazauna Durumi.

Jama'a, mu 'yan kasuwa rediyo ne jaridarmu. A Oktoban 2022 ambaliya ta shanye hanyar Lokoja wajen Koton Karfe, manyan motoci suka yi kwanaki a tsaye, fetur ya yi wuya a Abuja. Fiye da mutum 600 suka rasu a ƙasar nan. Gidajen rediyo sun kawo labarin, amma bayan aikin gama ya gama.

Alhali kuwa hukumar NiMet takan fitar da hasashen damina tun farkon shekara. Sai a karanta sau ɗaya, a wuce.

To, roƙonmu shi ne a riƙa maimaita shi kowane mako da Hausa. In an ce sauyin yanayi, a warware mana: jinkirin damina, tsananin zafi, ruwa mai yawa lokaci guda.

Mu kuma mu riƙa buga waya muna tambaya, mu yashe magudanan unguwarmu. Rigakafi ya fi magani.

Allah Ya kiyaye. Wassalam.