Wutar NIGELEC da ta maƙwabta: wa ya fi biya da tsada?

Matanin laccar da aka gabatar gaban ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati a Tagriss, gundumar Dakoro, jahar Maraɗi.



Duk fataken da ke bin hanyar Maraɗi zuwa Jibiya da Katsina sun san wannan gardama. Wani ya ce wutar Nijar ta fi tsada, tunda daga Najeriya ake sayo ta. Wani ya ce a'a, tsohon zance ne. Kowannensu yana da ɓangaren gaskiya, kuma ba za a raba gardamar ba sai an koma ga alƙaluma.

Tun kafa NIGELEC a 1968, ƙasar nan ta jingina da maƙwabciyarta. A 1976 aka ja layin Birnin Kebbi zuwa Yamai, wanda ya kawo wutar madatsar Kainji. A 1994 aka haɗa Katsina da Gazaoua, daga nan wuta ta rarrabu zuwa Maraɗi da Damagaram. Wutar da ruwa ke samarwa ta fi ta gazuwal araha nesa ba kusa ba, shi ya sa Nijar ta daɗe cikin ƙasashen sefa masu sauƙin farashi. Jami'an Najeriya kuma sun sha faɗin cewa wannan ciniki yana da riba gare su, domin yana rage wa Nijar kwaɗayin datse kogin Kwara daga sama.

Bayan karya darajar sefa a Janairun 1994, farashin kilowat-awa ɗaya na gidaje ya tsaya a tamma 79 da ƴan kai fiye da shekara ashirin. A Janairun 2018 sabon jadawali ya fara aiki, bisa nazarin hukumar ARSE mai sa ido kan makamashi. A wannan jadawali, mai ƙaramin ƙarfi yana biyan kusan dala goma sha biyu, wato tamma 59.45, kan kilowat-awa 50 na farko. Gida mai ƙaramar kwanta yana farawa daga kimanin tamma 68, ya hau kusan 90 in ya wuce kilowat-awa 150, ya kai 127 in ya zarce 300. Ma'ana, mai ƙwai biyu da fanka ya samu sassauci, mai firji da na'urar sanyaya ɗaki ya ɗauki nauyin. A Burkina Faso, kason talaka na SONABEL yana farawa ne daga tamma 75. Ta wannan fuska Nijar ba ta ji kunya ba.

Najeriya kuwa labarinta daban ne. NEPA da kowa ya sani ta zama PHCN a 2005, aka sayar da sashen rarraba wuta ga ƴan kasuwa a 2013. KEDCO ce ke riƙe da Kano, Katsina da Jigawa. Can ba yawan wutar da mutum ya sha kaɗai ake dubawa ba, ana kasa unguwanni rukuni biyar, daga A zuwa E, bisa awoyin da aka yi alkawarin ba su. A Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga farashin rukunin A, masu alkawarin awa 20 a rana, daga kimanin naira 68 zuwa 225, daga baya ya sauko kusa da 209. A canjin wannan shekarar, naira 209 ta kama wajen tamma 80 zuwa 85. Sauran rukunai, waɗanda gwamnatinsu ta ci gaba da tallafa wa, sun tsaya ƙasa da naira 70, abin da bai kai tamma 30 ba.

To, ga amsar gardamar. Bakatsine na rukunin ƙasa ya biya ƙasa da rabin abin da Bamaraɗe ya biya, amma wutar tasa ta ƴan awoyi ce, sauran yini sai janareta. Na rukunin A kuwa ya biya fiye da ƙaramin gidan Maraɗi. Kuma a lura: arahar ta Najeriya, in an mayar da ita sefa, babban ɓangarenta faɗuwar naira ce tun Yunin 2023, ba ƙwarewar kamfani ba. Haka nan takardar biya ba kuɗin wuta kaɗai ke cikinta ba. Akwai kuɗin dindindin na kowane wata da haraje-haraje. Wanda zai kwatanta, ya kwatanta jimillar ƙasan takarda.

Araha ta aro tana da nata farashi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta yanke layi a farkon Agusta. A lokacin kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar NIGELEC daga can take zuwa. Yamai, Maraɗi da Damagaram suka shiga rabon wuta, masu ƙanƙara, masu walda da teloli suka ga tasku, sai a Maris 2024 wuta ta dawo. Kowa ya gane cewa wanda ya hau dokin wani, ranar da mai doki ya so zai sauka. Tashar Gorou Banda ta 2017, da tashar hasken rana ta Malbaza ta 2018 sun taimaka, amma ba su cike giɓin ba. Madatsar Kandaji kuwa, wadda aka aza harsashinta a 2008, ba ta ba da ko kilowat ɗaya ba a waɗancan watanni.

Sai dai akwai kwatancen da ya fi shafar mutanen karkarar Dakoro. NIGELEC tana sayar da wuta farashi ɗaya a duk faɗin ƙasa, ko a garin da injin gazuwal ke haskawa. Wannan adalci ne, amma ga wanda waya ta iso ƙofarsa. Kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki a Nijar, a ƙauyuka kuwa ba a kai ɗaya cikin goma ba. Batirin salula yana ɗaukar kimanin wat-awa 15. In mai caji ya karɓi dala goma, kilowat-awa ɗaya ya tashi a kan jikka uku da ɗoriya, ninki hamsin na abin da ƙaramin gida ke biya a birni. Wanda ya fi kowa biyan wuta da tsada shi ne wanda ba shi da kwanta.

Saboda haka buƙatu uku ne suka dace da wannan taro. ARSE ta riƙa bayyana lissafin farashi cikin harsunan ƙasa, kowa ya ji. Hukumomin ƙaramar hukumar Tagriss su matsa wa ANPER, wadda aka kafa a 2013 don haskaka karkara, ta sa garuruwan yankin cikin shirinta na ƙananan tashoshin hasken rana. Ƴan kasuwa kuma su haɗa kai su rubuta asarar da rashin wuta ke jawo musu, domin hukuma ta fi jin alƙalami da kuka.

Allah ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya. Wassalamu alaikum.