Alkawari Kaya Ne: Jawabi Ga Ikkilisiyoyin Karkara

 

Hausawa sun ce alkawari kaya ne. Littafi Mai Tsarki kansa kashi biyu ne, Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari, wato dukan zamanmu da Allah a kan alkawari yake tsaye. Yau za mu duba yadda Allah ya ɗauki nasa kayan, sa'an nan mu tambayi kanmu yadda muke ɗauke da namu.

A zamanin dā, in za a ƙulla alkawari mai nauyi, akan yanka dabba a tsaga ta biyu, masu alkawarin su ratsa ta tsakani. Ma'anar ita ce, wanda ya saɓa, abin da ya sami dabbar ya same shi. A Farawa sura 15, Allah ya sa Ibrahim ya kawo karsana da akuya da rago, kowanne ɗan shekara 3, tare da tsuntsaye 2. Ibrahim ya tsaga dabbobin ya jera, sai barci mai nauyi ya ɗauke shi. Da duhu ya yi, wuta da hayaƙi suka ratsa tsakanin naman. Allah kaɗai ya bi ta wurin. Shi ya fara neman mutum, shi ya kuma ɗora wa kansa nauyin cikawa.

To, mu 'yan adam fa? Mu karanta Irmiya sura 34 a gida. Sojojin Babila sun kewaye Urushalima, tsoro ya kama kowa. Sarki Zadakiya da manyan gari suka tuna da Shari'ar Musa, wadda ta ce Ba'ibrane ya yi bauta shekara 6, a ta 7 a sake shi. Suka tsaga maraƙi, suka ratsa ta tsakani, suka 'yantar da bayinsu. Amma da rundunar Fir'auna ta taso daga Masar, Babilawa suka janye na ɗan lokaci, sai iyayengijin nan suka sāke kama mutanen da suka saki. Allah ya ce sunansa suka ƙazantar. Babilawa suka komo, birnin ya faɗi wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Yesu.

'Yan'uwa, labarin nan bai yi nisa da mu ba. In ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina, ko yaro ya kwanta ciwo, mukan cika majami'a da wa'adi iri iri. In rumbu ya cika, sai mu manta. Mu lura kuma, mutanen Urushalima ba su daina zuwa Haikali ba. A kan ɗan'uwa matalauci suka karya alkawarinsu. Mu ma a nan ake gwada mu: a watan Yuli da Agusta, sa'ad da maƙwabci ya zo rancen buhu 1 na dawa, mu ce sai ya biya 2 da kaka, sa'ad da muka riƙe gonar gwauruwa jingina har 'ya'yanta suka rasa wurin noma.

Amma Allah bai yashe mu ba. Ta bakin Irmiyan nan, a sura 31, ya yi albishir na sabon alkawari wanda zai rubuta a zuciya. A Luka sura 22, Yesu ya ɗauki ƙoƙo ya nuna cewa da jininsa za a hatimce shi. Hukuncin masu saɓawa ya sauka a kan wanda bai taɓa saɓawa ba. Saboda haka biyayyarmu godiya ce, ba sayen tagomashi ba.

Muna roƙonmu duka, kafin mu sāke zuwa Jibin Ubangiji, kowa ya zauna da iyalinsa ya tuna wa'adin da ya ɗauka ranar baftisma da ranar aure. Wanda ya ranci iri ya mayar a kan lokaci, domin wani ya samu. Mai bin bashi ya yafe ruwan da ya ɗora. Wanda ya riƙe gonar wani ya nemi dattawa a sasanta kafin shuka.

Allah mai cika alkawari ya ba mu ƙarfin ɗaukar namu kayan har ƙarshe. Amin.