Jawabi Kan Sinadarin Fuloraid Da Saƙonnin Cikin Jiki

Jama'a, jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani, kuma kowace ƙwaya tana aiki ne bisa saƙon da ya iso mata. Sau da yawa sinadarin da ya ɗauko saƙon cikin jini, misali adirinalin mai sa zuciya bugawa da sauri lokacin firgita, ba ya shiga cikin ƙwayar. A zaure yake tsayawa. Akwai wani mai tsaron ƙofa da masana ke kira furotin G, shi ne ke karɓar saƙon, ya sa a ƙera wani manzo na cikin gida mai suna cAMP, wanda ke isar da umurni. Earl Sutherland na Amurka, wanda ya gano wannan manzo, ya sami lambar Nobel a 1971.

To, ina fuloraid ya shigo? Tun a shekarun 1950 aka lura a ɗakin bincike cewa yana ƙara yawan cAMP, amma dalilin bai fito ba sai 1982, sa'ad da Sternweis da Gilman suka nuna cewa yakan haɗu ne da ɗan burbushin alminiyam. Haɗin nan ya yi kama da fosfet, watau hatimin da ke nuna saƙo na gaskiya ne. Sai mai tsaron ƙofa ya ruɗu, ya buɗe alhali ba wanda ya yi sallama. Haka kuma fuloraid yana danne wasu sinadarai masu kashe saƙo bayan an gama aiki, sai umurnin ya daɗe fiye da kima.

Kada wannan ya tsorata kowa. Adadin da ake gwaji da shi a ɗakin bincike ya zarce nesa abin da ke cikin jinin mai shan ruwa mai kyau, kuma fuloraid kaɗan yana hana haƙora ruɓewa, shi ya sa ake sa shi a man goge baki. Matsalar tana ga yawa da daɗewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade miligiram 1.5 cikin lita ɗaya ta ruwan sha.

In aka wuce haka, ƙashi da haƙora ke fara nunawa, domin can fuloraid ke taruwa. Ƙwayoyin da ke gina ƙashi sukan yi ta gini ba tsari, ƙashin ya yi kauri amma ba ƙwari, gaɓoɓi su sandare. Yara 'yan ƙasa da shekara 8 kuwa haƙoransu kan fito da dabbare-dabbare, fari ko ja, abin da aka sani a yankunan Langtang da Kaltungo, inda duwatsun ƙarƙashin ƙasa ke zuba fuloraid cikin rijiyoyi. A Tibiri ta jihar Maraɗi, a Jamhuriyar Nijar, ruwan wata rijiyar burtsatse ya lanƙwasa ƙasusuwan ɗaruruwan yara a shekarun 1980 da 1990 kafin a farga.

Fuloraid ba shi da launi ko ƙamshi, kuma tafasa ruwa ba ya kawar da shi, sai ma ya ƙara yawansa. Saboda haka lalle a kai ruwan kowace sabuwar rijiya a auna kafin a fara sha. Iyaye kuma su sa wa yara man goge baki ɗan kaɗan, su koya musu tofarwa maimakon haɗiyewa.