Makarantar Saint Louis da Mutanen Kano



Yau sharhinmu a kan wata makaranta ne a Kano. Sunanta Saint Louis.

Mu fara da tarihi. A shekarar 1948 wasu mata masu hidimar cocin Katolika suka iso Kano daga ƙasar Ailan. Sistoci ake kiransu. Aikin da ya kawo su shi ne koyarwa, musamman ilimin 'ya'ya mata. A lokacin, yarinyar da ta shiga aji abin nunawa ce. Daga wannan aiki aka samu makarantun Saint Louis: sakandaren 'yan mata da ke Bompai, da firamare ta jeka-ka-dawo.

To, a kan jeka-ka-dawo ɗin nan zan tsaya. Yaro ya tafi da safe, ya dawo da rana. Ya ci tuwon gidansu. Idan Musulmi ne, da yamma ya ɗauki jakarsa ya nufi Islamiyya. Idan Kirista ne, ranar Lahadi ya bi iyayensa coci. Washegari su haɗu a benci ɗaya, Bahaushe da Ibo da Bayerabe. Iyayensu ma su haɗu a bakin ƙofa, su gaisa, su tambayi juna ya gida.

Masu sauraro, Kano ta sha ganin fitinar addini. Shi ya sa nake ganin gaisuwar bakin ƙofar nan tana da daraja ƙwarai. Iyaye, ku riƙa zuwa taron iyayen yara, ku san malaman 'ya'yanku.