Tsoffin Gidajen Bulo na Ingila da Damshin Kaka

Maƙasudin wannan lacca shi ne bayyana yadda ake kare tsoffin gidajen jan bulo na ƙasar Ingila daga ruwa da damshi a lokacin kakarsu, watau daga Satumba zuwa Nuwamba, sa'ad da ganyen itatuwa ke zuba, ruwan sama yana yawaita, rana kuwa ba ta da ƙarfin busar da bango.

A shekarar 1666 gobara ta cinye gidaje fiye da 13,000 a birnin Landan. Shekara ta zagayo aka kafa doka cewa duk wanda zai sake gini a birnin ya yi shi da bulo ko dutse. Daga nan ginin bulo ya ƙara yaɗuwa. Magina na wancan zamani da kwaɓin farar ƙasa da yashi suke haɗa bulo, bangon kuma cikakke ne, babu rata a tsakiyarsa kamar na gidajen da aka gina daga baya. Irin wannan bango yakan sha ruwa in an yi ruwa, sa'an nan ya fitar da shi in iska ta buga. Kwaɓin ya fi bulon taushi, saboda haka ta cikinsa damshi ke fita, shi ne kuma ke fara zaizayewa, bulo ya tsira.

A shekarar 1824 wani magini na birnin Lidis mai suna Joseph Aspdin ya sami takardar mallakar fasahar simintin Portland. Da siminti ya wadata a ƙarni na 20, masu gidaje da yawa suka riƙa cike tsakanin bulo da shi, suna zaton ƙarfi suka ƙara wa bango. Siminti kuwa ba ya barin damshi ya wuce yadda farar ƙasa ke bari. Ruwan da ya shiga ta tsaga a kaka sai ya maƙale cikin bulo har hunturu ya riske shi. Ruwa in ya daskare yakan kumbura da kimanin kashi 9 cikin 100, sai fuskar bulo ta ɓare ta faɗo. A cikin ɗaka kuma fenti ya tashi, funfuna ta kama, katakon daɓe ya ruɓe.

Maganin abin ba shi da wuya. Kafin kaka ta yi nisa a kwashe ganyen da ya toshe magudanun rufi, domin magudana guda da ta cika takan jiƙa bango daga sama har ƙasa. A mayar da fallen rufin da ya goce. Kada a bar ƙasa ta taru a gindin bango har ta rufe shimfiɗar da ke hana damshi hawa, wadda ya kamata ta ɗara ƙasa da inci 6. A buɗe kafofin iska na ƙarƙashin daɓe. In kwaɓi ya zaizaye a sake shi da farar ƙasa, tun kafin sanyi ya sauka, don ɗanyen kwaɓi ba ya jure daskarewa. Wannan ita ce koyarwar ƙungiyar kare tsoffin gine-gine da William Morris ya kafa a 1877: kulawa kullum ta fi babban gyara bayan ɓarna.

Maginan ƙasar Hausa sun san wannan darasi tun da daɗewa. Bangon tubali da aka yaɓe da makuba yakan sha ruwan damina ya bushe, muddin indararo na zubar da ruwa nesa da gindinsa. Wanda aka lulluɓe da siminti yakan jiƙa daga ciki, yaɓen ya rabu da shi, wata rana ya zube gaba ɗaya. Ko a Landan ko a Kano, tsohon bango da irin kayan da aka gina shi ake gyara shi.