Amsar Wasiƙunku: Baƙin Hayaki Da Zafin Inji Mai Turbo

Wasiƙarmu ta yau ta fito daga wani ɗan kasuwa a Kiyawa mai jigilar riɗi da gero zuwa kasuwar Shuwarin da ta Gujungu. Ya ce motarsa ta man gas tana tuƙa baƙin hayaki idan ya yi lodi, da daddare har yakan ga turbo ya yi ja wur, alhali agogon zafi bai tashi ba. Shin akwai matsala?

To Alhaji, akwai, kuma babba ce. Agogon da kake dubawa zafin ruwan lagireto kawai yake nunawa, ba ruwansa da zafin hayaƙi. Shi kuwa turbo hayaƙin ne yake juya shi, sau fiye da 100,000 a minti ɗaya, domin ya tura iska cikin inji. Idan mai ya yi yawa iska ta yi kaɗan, sai hayaƙi ya yi baƙi, zafinsa ya hau.

Ga ma'auni. In an auna kafin turbo, a doguwar tafiya kada zafin ya wuce digiri 650 na Selsiyos. In ya haura 700, ka ɗaga ƙafa nan take. Fistin da alminiyam ake yin sa, ɗan'uwan na tukwanen girki, shi kuwa alminiyam a wajen digiri 660 yake narkewa. Baƙin mai da ruwa ne suke kare fistin, kuma kariyar tana da iyaka. Akwai agogo na musamman da bakanike zai ɗaura maka. Amma ka tambaye shi inda ya sa shi, don in bayan turbo ne, zai nuna ƙasa da gaskiya da digiri 100 ko fiye.

Me ke jawo wannan? Na farko, ƙura. Ƙasarmu ta Dutse da Jahun yashi ce, ga hunturu, nan da nan matatar iska take toshewa. Ka riƙa duba ta, in ta tsufa ko ta huje ka canza. Na biyu, lodin da ya wuce ƙima. Na uku, jan mota a babbar giya a kan hawa. Ka sauko da giya injin ya sha iska. Na huɗu, buɗe famfon mai wai don mota ta ƙara ƙarfi. Kada ka yarda. Sai kuma nozul da ya lalace, ko tiyon iska mai yoyo.

Ku ma masu tarakta, maganar ta shafe ku. Lokacin huɗa, in kun ji inji yana nishi, ku rage zurfin garma ko ku sauko da giya.

Sannan in ka iso, kada ka kashe inji farat ɗaya. Ka bar shi a silo minti 2 zuwa 3. In ka kashe shi da zafi, baƙin mai yakan ƙone a cikin turbo ya cinye masa ƙarfe.

Alhaji, kuɗin matata ba ya kai ko kusa da na sauke inji, kuma motar da ta kwanta da kaka ta bar riba a hannun wasu. Ka kai ta wajen bakanike kafin lodi na gaba.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.